Malaman Ƙarar Shokazoba

Duk wanda Allah ya jarrabe shi da mallakar tsohuwar mota, har ramukan titi suka cinye masa shokazoban gaba, ya tara abin da ya tara ya sa aka canza su, ya san cewa ranar da aka sauke motar daga kan jak ba ranar hutawa ba ce, domin sau da yawa ba za a yi nisa da bakin gareji ba sai wata ƙara wadda da babu ita ta taso daga wajen ƙafar direba, ta juyo da shi inda ya fito. A can kuwa, a inuwar darbejiyar da aka girke bencin jira, akwai wata jama'a da ba ta da wata sana'a sai jiran irin wannan dawowa, kowanensu da mazhabarsa, kowanensu da hujjarsa, ba a kuma taɓa jin sun yi ijma'i a kan mas'ala ɗaya ba.

Shugabansu, wanda ba na gajiya da kallonsa ko da yake na daɗe da gajiya da jinsa, shi ne Muftin Benci. Shi ba bakanike ba ne, ba a taɓa ganin ɗigon baƙin mai a hannun rigarsa ba, ba shi da mota a garejin, bal ma ba shi da ita a gida, amma tun hantsi yana nan zaune da carbinsa da ɓarin goronsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana jiran mai neman fatawa. Isnadinsa guda ne, wato ya taɓa tuƙa Fijo 504 a zamanin da masana'antar Fijo ta Kaduna, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975, take kan ganiyarta, kuma tun daga lokacin duk motar da aka ƙera a duniya, a wurinsa bidi'a ce. Idan ka tsaya ka fito da fuskar damuwa, ba zai taso ba, ba zai leƙa ƙarƙashin mota ba, ba zai ma nemi ya ji ƙarar da kunnensa ba. Sai ya gyara zama, ya ce, "Malam, gwaf take yi, ko ƙas-ƙas?" In ka ce gwaf, sai ya kaɗa kai ya ce boljoyin ne. In ka ce ƙas-ƙas, sai ya yi murmushin wanda aka kawo wa tambayar yara, ya ce ai boljoyin ne. In kuwa ka ce jiya-jiya aka sa sabon boljoyin, sai ya juya ga sauran mazauna benci ya kafa su shaida cewa ƙarfen yanzu ba ƙarfe ba ne, daga nan kuma a shiga babin yadda ya yi lodin buhunan gero daga Gusau zuwa Funtuwa ba tare da motar ta yi ko tari ba. Abin da ya sa ba a iya ture shi gaba ɗaya shi ne, ƙiyasinsa yana da ɗan asali, domin ƙafar gaban 504, inda sifirin ya naɗe shokazoba suka zama ginshiƙi ɗaya mai juyawa tare da sitiyari, irin ƙirar nan ce da ake jingina wa wani injiniyan Amurka mai suna MacPherson, ita ce kuma a ƙarƙashin Corolla da Golf da suka cika titunanmu. Ranar da na gaya wa Mufti haka, sai ya karɓi bayanin ba godiya, ya shigar da shi cikin karatunsa, har yanzu kuma yana ba da shi a matsayin abin da ya gano da kansa.

Kusa da shi akwai Mai Kwaikwayo, wanda motarsa ke yin shiru da zarar ta ga bakanike, saboda haka dole ya tsaya a tsakar gareji, dattijo da gemunsa, yana kumbura kumatu yana cewa "gurum, ƙyas, gurum", yara suna sunkuyar da kai don kada a ga dariyarsu.

Sai Mai Waswasi, wanda tun ranar gyara ya haramta rediyo a motarsa, ya hana iyali magana, yana tafiya da gilashi a sauke da kunne a karkace, yana neman ramin da mutane ke kauce wa ya faɗa da gangan don ya tabbatar. Irin wannan mutum yakan tsaya a gefen titi ya danna gaban mota da hannu biyu, ya saki, ya saurara, masu wucewa suna yi masa addu'ar samun sauƙi. Ba zan tsananta a kansa ba, domin ni da shi gida ɗaya muke kwana, hula ɗaya muke sawa.

Daga ɓangaren masu sifana kuwa, akwai Oga Zai Zauna, wanda amsarsa ga kowace ƙara ita ce, "Alhaji, sabo ne, ka ba shi mako biyu zai zauna", alhali notin da ba a ɗaure ba, ko shekara ya yi ba zama zai yi ba sai dai ya ƙara kwancewa. Akwai ɗan'uwansa Mai Canza Komai, wanda zai tura yaro Ƙofar Ruwa ya sayo tayarod, gobe bushin, jibi boris, har ya sabunta rabin motar da kuɗinka, bai taɓa buɗe bonet ya ɗora sifana a kan babban notin tsakiya da ke riƙe sandar shokazoba ba. Akwai kuma sabon shiga, Ɗalibin YouTube, mai tsayawa a kan bakanike da waya a hannu yana nuna masa wani Bature cikin gareji mai tayil, yana tambayar ina sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, Oga kuwa yana nuna masa damtsensa.

Wanda ya san gaskiyar al'amari galibi shi ne yaron da ke kwance a kan kwali a ƙarƙashin motar, wanda ladabi ya hana shi magana a gaban manya. In ka ja shi gefe ka saya masa ruwan sanyi, zai gaya maka a hankali cewa gwaf a kan rami notin sama ne ko manyan notuna biyu na ƙasa, ƙas-ƙas a kan gargada linkeji ne bai ɗauru ba, ita kuwa "tau" da ake ji idan an murza sitiyari mota na tsaye, ko dai bakin sifirin bai faɗa gurbinsa ba, ko an mayar da tsohuwar robar sama da boris ɗinta da ya mutu. Zai ƙara da cewa a je a yi saitin ƙafafu, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe ɗaya. Sa'an nan ya roƙe ka kada ka ce shi ya faɗa.

Duk waɗannan ina iya zama da su, in sha shayi da su, in yi musu uzuri. Wanda ba na yi wa uzuri, wanda in na tuna shi raha take fita daga raina, shi ne Mai Ɗaurin Roba. A jikin galibin shokazoban gaba akwai ɗan kunnen ƙarfe da aka yi musamman domin ya riƙe tiyon birki, da noti ko da kilif, a daidai inda ba zai taɓa taya ko sifirin ba duk yadda aka karya sitiyari, kuma a motoci da yawa na hagu daban na dama daban. To, shi wannan bawan Allah, idan ya ga kunnen bai zo daidai ba, ko don an sayo na wata mota, ko don ya sa na hagu a dama, ko don kilif ɗin ya faɗi cikin ƙasa ya ji ƙyuyar nema, sai ya yanko robar tsohuwar tayar keke, ya naɗe tiyon da ita a jikin ƙarfe, ya mayar da taya da sauri kafin mai mota ya dawo daga sallah. Shi ne kuma mai barin kan birki yana reto a jikin tiyo duk tsawon aikin maimakon ya rataye shi da waya, shi ne mai mayar da tiyon a murɗe, shi ne wanda in ya kwance shi man birki ya zuba, yake ganin zaman "taka, riƙe, saki" na fitar da iska ɓata lokaci ne. Na ga irin wannan aiki da idona: tiyo ya kwanta a jikin taya yana gogawa kamar igiyar guga a bakin rijiya, baƙar fatarsa ta suɗe ta yi sheƙi, har zaren ciki ya fara leƙowa. Abin tsoron shi ne wannan ba ya ƙara ko kaɗan, saboda haka Mufti ba shi da fatawa a kansa, Mai Waswasi ba zai ji shi ba, sai ranar da aka taka birki da ƙarfi, feda ta nutse, mota cike da mata da yara. Da na nuna wa mai aikin, sai ya ce, "Haba Malam, ai Allah ne ke tsarewa." Haƙiƙa Allah ne ke tsarewa, amma malamanmu ba su taɓa kiran sakaci da amanar rayukan mutane tawakkali ba, sunansa ha'inci, kuma wanda ya karɓi ladan aiki a kansa ya ci abin da bai halatta gare shi ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, ranar da aka canza maka shokazoba, kafin ka miƙa kuɗi, sa a karya sitiyari har ƙarshe ta hagu, a karya har ƙarshe ta dama, ka tattare babbar rigarka ka durƙusa ka duba tiyon da idonka, ka ga yana cikin kunnensa, ba murɗa, ba ja, ba ya taɓa komai. In ka ga roba ko waya a wurin, kada ka tayar da motar sai an kwance an sake.