Zuwa ga Hunturu, Sarkin Ɗarin Damargu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka da sarkinsa, ina fatan ka iso lafiya daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda kake ɗebo mana ƙurar da muke shaƙa tun watan Nuwamba. Ba zan tambayi iyali ba, don na ga duk ka taho da su: jaura, mura, faso.

Dalilin takardar nan shi ne ɓarnar daren jiya. Tiyon da ke sauko da ruwa daga tanki zuwa famfon tsakar gidana ya tsage a daidai gwiwa. Da asuba na fito da buta, na murɗa famfo, sai iska. Ruwan da na saya jarka-jarka, aka hau da shi sama da gumin yara, rairayi ya shanye shi tas muna cikin bargo. Alwala sai da na ƙwanƙwasa wa maƙwabci, ya buɗe yana kallona kamar na zo cin bashi.

Abin da ya fi ci mini rai, Allah ya ja zamaninka, shi ne ba ka ma isa ka daskarar da ruwa a Ollelewa ba. Ruwa ba ya zama ƙanƙara sai sanyi ya kai sifili, sa'annan ya kumbura da wajen kashi 9 cikin 100, ya matsa wa tiyo har ya fashe. Haka aka yi a jihar Texas ta Amurka a watan Fabrairu na 2021, miliyoyin mutane suka kwana ba wuta, tiyo ya riƙa fashewa cikin bangon gidaje. Wannan kam sanyi ne mai rawani. Ko nan Nijar, a Bilma an taɓa auna ƙasa da sifili, kuma kan dutsen Bagzan raɓa takan daskare. Kai kuwa, daga Bakin Birji har Tanut da Belbeji, da ƙyar kake sauka ƙasa da digiri 10. To da wace sarautar ka fasa mini tiyo?

Mai gyaran famfo ya tona asirinka. Ashe haɗa baki kuka yi da bazara. Ita ta fara: ranar Afrilu da Mayu, mai wuce digiri 40, ta gasa robar har ta bushe, ta daina lanƙwasa. Kai sai ka zo daga baya. Da rana tiyo ya miƙe don zafi, da dare ya takure don ɗari, mai tsawon mita 10 yakan yi motsin da ya wuce santimita guda. Yau ja, gobe saki, har gam ɗin gwiwa ya gaji. Wato ko ɓarnar ma ba taka ba ce kai kaɗai, ƙarashe ka yi.

Ina cikin wannan takaici sai ɗan ƙanwata da ke karatu a Kanada ya kira. Yaron kirki ne, Allah ya yi masa albarka. Ya ce, "Kawu, mu a nan idan sanyi ya yi tsanani barin famfo ake yi yana ɗiga har safe, don kada matsi ya taru a tiyo."

Yana ɗiga! Har safe! A Damargu!

A ƙasar da ake ɗaura wa sa ko raƙumi igiyar guga, ya yi tafiya har ka daina jin muryar yaron da ke kora shi kafin wasaki ya leƙo bakin rijiya? A ƙasar da mata ke jera jarka tun kafin kiran salla, ruwan da aka wanke gero da shi a ba akuya, na wankan yaro a zuba wa bishiya? Ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa, kafin gobe war haka, ya kusa cika jarka mai lita 20. Ni in bar wannan ya bi ƙasa da gangan, uwargida ta ji, in kwana a ina? Ka ga abin da ka jawo: ka mayar da ni abin ba wa shawara daga ƙasar da ruwa ke zubowa daga sama a daskare har a rasa inda za a kai shi. Su suna naɗe tiyonsu da soso, suna hura wa ɗaki ɗumi. Ni ko ashana na ƙyasta kusa da dannin zana, kai ne za ka fara ɗaukar wutar ka kai gidan maƙwabta.

Kuma kai matsoraci ne, bari in faɗa maka. Bututun mai da ya taso daga Agadem, sama da kilomita 460, ya zo matatar Soraz da ke cikin gundumarmu tun 2011, ga shi can kwance a ƙarƙashin ƙasa, ba ka iya masa. Sai tiyon talaka da ke shanye a rana, da leɓen yara, da dugadugan tsofaffi.

To ka ji. Yau za a haƙa rami a binne tiyon, zurfin kamu guda ko fiye. Abin da ya rage a sarari, daga tanki zuwa ƙasa, za a naɗe shi da buhu, a ɗaure da tsohuwar robar taya. Kullum bayan isha'i da hannuna zan rufe makunnin da ke gindin tanki, in ma ka sake fasa wani wuri, abin da ke cikin tiyo kawai za ka samu.

Kuɗin gwiwa, kuɗin gam, ladan mai gyara da na mai amalanken da zai sake cika tanki, duk na rubuta su da sunanka. Kada ka bar garin nan a watan Fabrairu ba ka biya ba.

Naka, ba da son rai ba,
Wani magidanci a Ollelewa