Tantabara Ce, Ba Aska Ba

Ku matso kusa, 'yan boko masu rantsuwa cewa kunnenku bai taɓa yaudararku ba. Idan likita ya bi alamu har ya gano ainihin ciwo, ko ɗan sanda ya bi sawu har ƙofar ɓarawo, me Bature ke cewa? Da yawanku za ku ce "hone in on", har da ɗaga kafaɗa. To ku sauke ta. Na asali shi ne "home in on".

Na ji wani can baya yana gunaguni: "Malam, ina ruwan gida da gano ciwo?" Je ka tambayi mai kiwon tantabara. Kai ta gari mai nisa ka sake ta, ba ta tsayawa tambayar hanya, sai ɗakinta. Wannan miƙewa gida ita Turawa ke nufi da "home" tun ƙarni na 19. Daga baya matuƙan jiragen sama suka ari maganar, don jirgi kan bi siginar rediyo har ya dira sansaninsa. Makamai masu linzami suka gaje ta, daga nan ta shiga bakin kowa. Shi kuwa "hone" wasa wuƙa ne ko aska a kan dutse, aikin da wanzami ya fi ku sani. Turanci ya yarda ka wasa ƙwarewarka da shi, amma ba a wasa hanya zuwa gidan ɓarawo.

"Ai har shugaban Amurka ya faɗa!" Sannu da bincike, yallaɓai. George Bush babba ya faɗa lokacin yaƙin neman zaɓe na 1980, bai ma hau kujerar ba tukuna, kuma William Safire na jaridar New York Times bai bari ta wuce ba. Gaskiya dai kuna da 'yar madafa: ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da naku, ya ce tun 1965 ake ganinsa a rubuce. Ba abin mamaki ba ne, "m" da "n" maƙwabta ne a kunne, mai sauri kuma ba ya tantancewa.

Sai dai shiga ƙamus ba sarauta ba ce, har yau editoci da dama na jan masa layi, musamman na Ingila. A hira ku faɗi wanda kuka ga dama, ba mai kama ku. Amma in takardar neman aiki ce ko jarrabawa, don Allah ku rubuta da "m".