Yadda Za Ka Tuɓe wa Ƙwai Riga Ba Tare da An Kira Maka Mai Ruƙiyya Ba

Idan 'yarka ta dawo daga makaranta ranar Juma'a da takarda a hannu, ta ce malamin kimiyya ya ce a yi "ɗan gwaji mai sauƙi" da ƙwai a kai ranar Litinin, ka yi salati ka nemi wuri ka zauna. Aikin naka ne. Ita 'yar aike ce kawai, ita za ta karɓi maki, kai kuma ka biya. Ga 'yan shawarwari daga wanda har yanzu hannunsa ke warin tsami.

Na ɗaya. Litinin ɗin nan ba za ta yiwu ba. Ɓawon ƙwai yana bukatar kwana biyu, wani lokaci uku, kafin ya narke. Sai kwana guda a cikin zuma, sai wani kwanan a cikin ruwa. Ka lissafa da yatsu daga yammacin Juma'a ka ga inda ka faɗa. Malam ya san haka sarai.

Na biyu. Takardar ta ce ƙwai ɗaya. Sayi uku, ɗanyu. Kada ka taɓa na kicin, uwargida ta ƙirga su, ta san kowanne da kamanninsa.

Na uku. Ruwan khal. Yaron shagon bakin layi zai dube ka kamar ka nemi nonon kaza, sannan ya miƙo maka lemon kwalba. Za a tura ka wajen masu magungunan Musulunci, inda mai shago zai ɗauko khal tuffa, ya kalli tumbinka, ya gyaɗa kai cikin tausayi, ya ce, "Alhaji, cokali biyu a ruwan ɗumi kafin karin kumallo." Ka ce masa na ƙwai ne. Zai ce ai ƙwan ma ya kamata ka rage. Daga nan sai zancen habbatus sauda, sai man zaitun, sai wani garin da ke maganin basir da mantuwa a tare. Kada ka tsaya. Farin khal mai araha kake nema, irin wanda ake wanke ganyen salak da shi. Kusan kashi 5 cikin 100 nasa asid ne, kuma ya isa.

Ka saka ƙwan a tsohuwar kwalbar bama, ka zuba khal har ya sha kansa. Nan take ƙananan kumfa za su lulluɓe shi. Ɓawon ƙwai kusan dukansa kalsiyam kabonet ne, sinadarin da ke cikin dutsen da ake yin siminti da shi, asid kuma yana cin sa yana fitar da iskar kabon dayoksaid, irin wadda ke tashi idan an buɗe lemo. Saboda haka kada ka ɗaure murfin tamau. Washegari ka zubar da khal ɗin ka sa sabo. Idan ɓawon ya tafi, abin da ya rage shi ne tantanin nan da ke maƙale wa yatsa in ana ɓare dafaffen ƙwai, yana riƙe da farin da gwaiduwar shi kaɗai. Ɗaga shi ka haska da tocilan waya, za ka hango gwaiduwar tana lilo a ciki. Wannan minti ɗaya ne kaɗai na daɗi a duk aikin, ka more shi.

Na huɗu, kuma wannan ya fi duk sauran: inda za ka ajiye kwalbar. Wanda ya tsara gwajin nan bai taɓa zama gidan haya ba. A unguwarmu, ƙwai a cikin kwalba yana kumfa a bayan ƙofa ba kimiyya ake ce masa ba. Maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi, ta gani, ta fita da baya ba turmin. Kafin la'asar an fara gaishe ni daga nesa. Da magariba surukata ta bugo waya ta ce, "Baban yara, in wani abu ke damunka ka faɗa, akwai addu'a." Na ce, "Hajiya, aikin makaranta ne." Ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya kyauta. Ka ɗora ƙwan saman durowa, ka rufe da tsumma. Ko da yake rufewar ma ƙara masa kama take yi.

Na biyar. Zuma. Littattafan Turawa suna cewa a yi da wani ruwan sukari mai kauri na masara, mu nan sai zuma. To wace zumar? Duk mai zuman da na taɓa haɗuwa da shi yau da asuba ya sauko daga daji, ƙudan ma ga gawarsu nan biyu yana nuna maka a saman galan. Zai ɗiga ta a ƙasa ka ga ba ta baje ba, ya tsoma ashana ya ƙyasta, ya rantse da abin da bai kamata a rantse da shi a kan kwalba ɗaya ba. Ka je gida, bayan mako ta koma ƙanƙarar sukari mai warin ƙonannen rake. Shekara da shekaru ana yi mana haka, muna ba yara da sunan maganin tari! Abin da ya fi ƙona min rai, a wannan gwajin jabun ma aiki take yi tsaf. Ƙwai bai damu da gaskiyar mai zuma ba, kauri yake so. Don haka ka dafa sukari da ɗan ruwa har ya yi danƙo, ka bar shi ya huce, ka huta da rantsuwa.

Ka nutsa tsiraren ƙwan a ciki. Kafin gobe zai yamutse, ya lotsa, zumar kuma ta tsinke a gefensa. Abin da ya faru ke nan da ake kira osimosis. Tantanin yana aiki irin na mai gadin gidan biki: yara ƙanana suna sulalewa ta gefensa, manya masu malum-malum kuwa ya tare su. Ƙwayoyin ruwa su ne yaran, sukari da furotin ɗin ƙwai su ne manyan. Ruwa kuma kullum yana barin ɓangaren da ya tsinke ya nufi ɓangaren da ya fi kauri. Farin ƙwai kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne, zuma ba ta kai kashi 20 ba, sai ruwan ya fice. Mayar da ƙwan cikin ruwan zalla, ya sake kumbura har ya fi yadda kaza ta saka shi. Dalilin da ya sa yankakken tumatir ke tsatsafo da ruwa in an barbaɗa gishiri ke nan, kuma shi ya sa takin zamani in ya yi yawa a gindin shuka yake ƙona ta.

Na shida, ko na bakwai ne, ka auna ƙugun ƙwan da zare da rula a kowane mataki. Na manta ban faɗa da wuri ba, takardar ma a can ƙasa ta faɗa.

Kiyashi. Ka ɗora kwalbar zumar cikin faranti mai ruwa. Za su zo duk da haka.

Auta. Ba ni da shawara a kan Auta. An ce ƙwan yana tsalle in an sake shi daga ɗan tazara kaɗan, shi kuma bai san kaɗan ba. Shi ya sa na ce uku.

Idan ana son tarihi a rahoton, wani limamin coci Bafaranshe, Jean-Antoine Nollet, ya lura da abin a 1748, da ya rufe kwalbar barasa da mafitsarar alade ya nutsa ta a ruwa, ya ga fatar ta kumbura. A 1901 wani ɗan ƙasar Holan, van 't Hoff, ya karɓi kyautar Nobel ta farko a fannin sinadarai, har da lissafin ƙarfin wannan turin ruwan cikin dalilai. Ba wanda ya ce musu su kawo ranar Litinin, ba kuma wanda ya kira surukarsu.

Kada a ci ƙwan. Ya kwana huɗu a waje cikin zafin nan, ko da wani ya ce asara ce.

Saura kai shi makaranta, ƙwai ba ɓawo, a hannun yarinya 'yar shekara goma sha biyu, cikin adaidaita sahu, a kan titinmu. Ka ɗauki hotonsa tun a gida. Ka sa leda biyu.