Alhaji, Ka Tambayi Gwiwarka Kafin Ka Ɗora Bene

Na san wasunku tun daga kanun nan suka fara taɓe baki. Wai mutum ya yi shekara da shekaru yana tara kuɗi, ya samu fuloti da ƙyar, sannan ya shimfiɗe gida a ƙasa kamar makarantar firamare? Ina bene? Ina barandar sama da za a jingina da yamma, masu wucewa su ɗaga kai su san an samu?

To sannu, Alhaji. Shekarunka nawa yanzu? Ka ƙara ashirin a kai, sannan ka ƙirga matakalar da za ka riƙa hawa bayan kowace sallar isha'i. Ka kuma tuna da Hajiya babba, wadda za ka ɗauko daga ƙauye in jiki ya yi rauni. A ina za ka sauke ta? Ku duba gidajen bene na unguwarku da kyau. Da yawansu maigidan ya daɗe da dawowa ɗakin baƙi na ƙasa, ya bar wa yara da akwatuna saman da ya kashe wa miliyoyi.

Wani zai ce ai rashin kuɗi ne ke sa a ƙi bene. Wannan bai taɓa sayen kwano ba. Gidan da ya baje a ƙasa, rufinsa kusan ninki biyu ne na bene mai yawan ɗakunansa, haka ma tsawon fandisho. Abin da ka tsira da shi shi ne dekin, da matakala, da tulin rodin da suke ci. Wani lokaci lissafin ya zo kusan ɗaya. Kuma gidan ƙasa yana cin fili, a nan kam masu gardama kuna da gaskiya. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 bai wuce murabba'in mita 465 ba. Ka cire tazarar da hukuma ke so a bari gaba da baya da gefe, ka cire wurin mota, da sokawe, da tankin ruwa, ka ga abin da ya rage. Ɗaki huɗu da falo biyu za su shiga, amma sai an yi dabara. Mai ƙafa 100 da 100 shi ne zai sake. Kai kuwa mai ɗan filin awon igiya da aka yanka gida huɗu, ba da kai nake ba, je ka ɗora benenka Allah Ya ba da sa'a. In kuma kana da niyyar farawa da ƙasa ka ɗora sama daga baya, ka faɗa wa injiniya tun yau, don fandishon da aka yi wa hawa ɗaya ba ya ɗaukar biyu saboda kawai kasuwa ta yi kyau.

Sai ku 'yan "maginina ya sani". Ku ne kuka fi ba ni dariya. Za a kashe kuɗin siminti buhu ɗari-ɗari ba a ji komai ba, amma da an ce a biya mai zane sai a ce ɓarna ce, wai birkila ya gina gidaje sun fi a ƙirga, zanen a kansa yake. Sai ya zo ya ja layi da ƙafa a kan yashi: nan falo, nan ɗakin Hajiya. Ba a gane ta'asar sai gini ya kai linta. A lokacin ne za a ga ƙofar banɗaki tana kallon kujerar baƙo, ga wani dogon lungu da sai an kunna fitila da tsakar rana, ga ɗaki ɗaya a tsakiya da ba shi da bangon da za a huda taga. A fasa, a sake. Bulon da aka farfasa kaɗai ya isa kuɗin zanen.

Na san abokan wasana Zagezagi za su taso da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, su ce wace jami'a ya yi? Babu. Amma ku faɗa mini tsakani da Allah, birkilan nan naku da ke neman kuɗin cefane tun kafin ya ɗora bulo, shi ne Babban Gwani? Kuma ku da kuke da sashen koyar da zanen gine-gine a ABU a bakin ƙofarku, ai ku ne bai kamata a ji wannan magana daga bakinku ba.

Akwai kuma 'yan zamani, masu hoto a waya. An gani a Facebook, ko an sayi zane a intanet da dala, gida fes da koriyar ciyawa. Ba a lura ba cewa yawancin irin waɗannan gidajen na Amurka da katako ake gina su, an yi musu murhun ɗumama ɗaki da bututun hayaƙi saboda ƙanƙara, ga gilashi bango guda don rana ta shigo. Kawo wannan gilashin Kano, ka fuskantar da shi yamma, ka jira watan Afrilu da zafi ke kai digiri 40, sai ka ba mu labari. Mafi daɗi shi ne kicin ɗinsu da ke buɗe cikin falo babu ko ƙofa. Ranar da Hajiya ta jefa attaruhu da daddawa cikin mai, surukanka na zaune, kowa zai san abin da ka saya.

Kakanninmu da suka yi zaure da shigifa kafin a kai tsakar gida sun san abin da suke yi: baƙo yana da iyakarsa, iyali suna da sakewarsu. Wannan ne abu na farko da za ka gaya wa mai zane. Falon baƙi da ƙofarsa da banɗakinsa daban, mata su shiga su fita ba sai sun ratsa ta gaban abokanka ba. A bar tsakar gida ko da ƙarama ce, don iska, da shanya, da ragon layya, da ranar suna. A yi madafi na waje na itace ko gawayi, da sito na gaske mai ɗaukar buhuna. Ɗakin samari ya matsa kusa da get. Kada masai ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, kuma wannan a takarda ake gyara shi, ba bayan an binne bututu ba. Dogayen bangaye su kalli kudu da arewa don rana ta rage dukansu, tagogi su fuskanci juna, silin ya yi tsawo, kwano ya zarce bango sosai saboda ruwan damina da ke zuwa da iska daga gabas. Rijiya ko burtsatse ta yi nesa da sokawe iya yadda fili ya bari.

In kuma akwai wata niyya a zuciya da ba a sanar da uwargida ba tukuna, to a raɗa wa mai zane. Ya fi sauƙi a fitar da sassa biyu daidai wa daida tun yanzu, da a zo ana auna falon amarya da igiya ana kai ƙara wajen iyaye.

Wajen ba da aikin, ka tafi da takardun filinka da awonsa, kuma mai zanen ya taka ƙafa ya ga wurin: ina titi, ina ruwa ke bi, wace irin ƙasa ce. Ka tambaye shi rajistarsa da ARCON, hukumar da ke yi wa masu zanen gine-gine rajista tun 1969, injiniyan kuma da COREN. Kada kunya ta hana ka, ba kowane mai kwamfuta ne ya cancanta ba. Ya fara kawo maka zane na gwaji, ka kai gida Hajiya ta duba, don ita ce za ta wuni a ciki. Ku yi ta canjawa a wannan matakin. Ku rubuta yarjejeniya: sau nawa za a gyara, kuma zai riƙa zuwa duba aiki ko a'a. Abin da za ka karɓa a ƙarshe ba hoto mai launi ɗaya ba ne. Akwai zanen ɗakuna da awonsu, da na ƙarfin gini, musamman in kana son makeken falo marar ginshiƙi a tsakiya, da na wayar wuta, da na famfo, sannan ƙididdigar kayan aiki, wadda za ta hana a sayar maka da rodin gida biyu.

Daga nan sai neman izini: KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, kowace jiha da tata. Masu cewa "a fara, in sun zo a san yadda za a yi", ku je ku kalli katangun da aka shafa wa jan fenti a bakin hanya. Don Allah kada tifar yashi ta sauka a filinka sai zanen ya dawo da hatimi.