Kwamared a Garin da Ba a Ciniki

Yaya,

Maganar fili da ta auren nan a bar su sai an yi waya. Labari mai zafi shi ne Kwamared ɗinku, wanda muryarsa ta sha dishewa a dandalin Aminu Kano na Dutse wajen tsine wa jari-hujja, ya je garin da ba a ciniki, ya dawo da ƙura har cikin kunne.

Sunan taron Burning Man, a hamadar Black Rock ta jihar Nevada. Larry Harvey da abokinsa Jerry James suka fara shi a 1986, lokacin da suka ƙona mutum-mutumin katako a bakin teku a San Francisco, a 1990 kuma aka mayar da shi hamada. Yanzu duk ƙarshen Agusta, daidai lokacin da kuke bikin zagayowar ranar ƙirƙiro Jigawa, mutum wajen dubu 70 ke kafa gari a kan busasshen tafki. Su yi mako guda, su cinna wa katakon wuta daren Asabar, su tsince ko da tsinken ashana, su watse. Grover Norquist, mai yaƙi da haraji a Washington, ya riga Kwamared zuwa tun 2014, amma shi wancan mai kare muradun masu kuɗi ne a siyasa, ba a lissafa shi.

Cikin ƙa'idoji 10 da Harvey ya rubuta a 2004 har da hana saye da sayarwa. Ko musaya ba a so, kyauta kawai. Ƙanƙara ce kaɗai ake sayarwa. Da Kwamared ya ji haka har ƙwalla ya yi, ya ce abin da 'yan NEPU suka sha ɗauri a kansa tun 1950 ga shi Turawa sun aiwatar ba tare da an fasa kan kowa ba.

Murnar ba ta kai la'asar ba. Ya miƙa wa wani mai soya ƙwai dala biyar, mutumin ya dube shi kamar ya zagi uwarsa, sannan ya rungume shi. Ya karɓi shayi ya nemi ba da tukuici, aka sake rungume shi. Yaron da aka yaye a kasuwar Shuwarin, wanda ko allura ba ya saye sai ya taya, ga shi a garin da babu mai ce masa albarka! Hannu ya riƙa kai kansa aljihu yana dawowa a kunyace. Ƙarshe layin ƙanƙara ya zama majalisarsa. Ba shi da abin sanyayawa, zuwa yake don ya miƙa kuɗi a ba shi canji. Ya taya, yarinyar da ke sayarwa ta ƙi rage ko sisi, ya juya kamar zai tafi, ba ta kira shi ba, shi ya dawo da ƙafarsa. Ya rantse tun da ya zo Amurka bai yi hira mai daɗin wannan ba.

Daga baya ya yi lissafi. Tikitin shiga wannan gari na marasa kuɗi dala 575 ne a 2024, mota kuma 150. Akwai filin jirgi, kuma masu Google da mai Facebook duk sun taɓa zuwa. Talaucin ma haya ake ba da shi. Nan jinin gwagwarmaya ya motsa, ya rubuta kwali ya fita zanga-zanga shi kaɗai. A 2023 da masu kare muhalli suka tare hanyar shiga, 'yan sandan ƙabilar Paiute ne suka watsa su, don haka ya shirya wa kulki. Sai jama'a suka ɗauka wasan kwaikwayo ne, suka tafa masa, wata tsohuwa ta rataya masa sarƙa.

Dabinon da Inna ta aiko ne ya fitar da shi kunya. Ya raba shi tas, Turawa na lashe yatsa suna tambayar ina ake nomansa, shi kuwa yana zana musu Dutse da Kiyawa a ƙasa da yatsa, yana ƙara wa duwatsun Garu tsawo. An rungume shi har ƙirji ya yi tsami, amma a duk garin babu wanda ya ce masa ina gajiya, balle ya tambayi mutanen gida.

A aiko wani dabinon da yaji ta hannun mai zuwa. In Inna ta tambaya, taron ƙara wa juna ilimi ya je. Hotunan kuma kada a nema, don yawancin mahalartan tufafinsu ma sun ba da kyauta.

Ƙaninka,
Kwamared