A Yi Gyaran Murya Kafin Kora

Idan kwamfuta ta cushe, Chrome ya hayayyafa a bayan fage har ba a iya ƙirga 'ya'yansa, mai Linux kan buga "pkill -9 chrome" yana huci. Aiki na ci nan take, shi ya sa ɗabi'ar ta bi jiki. Sai dai lamba 9 ɗin nan, SIGKILL, ko kunnen manhajar ba ta kaiwa. Tsarin kwamfutar ne ke fisge ta, babu damar adana fayil, babu sallama. Ita kuwa 15, SIGTERM, wadda ke tafiya in ba ka ambaci lamba ba, tamkar maigida ne ya yi gyaran murya ya ce dare ya yi, baƙo ya laluɓi takalmansa ya fita da mutuncinsa.

Za a ce ai wata manhajar kunnen ƙashi gare ta. Haka ne, domin irinta aka ajiye 9, amma sai 15 ta gaza tukuna. Ɓarnar ma ta fi yawa in ana korar taro gaba ɗaya, don pkill guntun suna yake bi: ka rubuta "pkill ssh" kana root, wato mai cikakken iko, ya haɗa da sshd, ka yanke hanyar da kake shiga sabar da hannunka. Shi kuma killall, da a Linux yake tambayar suna cikin ladabi, a tsarin Solaris kowa da kowa yake sharewa, har da maƙwabta. Don Allah fara buga "pgrep -l" tare da sunan da za ka ba pkill, ka karanta sunayen waɗanda za a kora, sannan ka danna.