Sharhi a Kan Mas'alolin Kifin da Ya Faɗo Daga Akwatin Gilashi

Magabata ba su yi rowar tawada a kan dabbobi ba. Jahizu na Basra, wanda ya rasu wajajen shekarar 868, ya bar mana Kitabul Hayawan a mujalladi bakwai. Damiri na Alƙahira, wanda ya rasu a 1405, ya jera dabbobi bisa tsarin haruffa a cikin Hayatul Hayawan. Sai dai dukkansu sun riga mu gidan gaskiya tun kafin a buɗe gidan kallon kifi na farko a birnin Landan a 1853. Saboda haka babu ɗayansu da ya yi bayani a kan kifin adon da aka ajiye a falo cikin akwatin gilashi, ya daka tsalle da tsakar dare, aka wayi gari aka tsince shi a ƙarƙashin kujera. Wannan giɓi ne a ilimi, kuma barinsa a buɗe sakaci ne.

Za mu fara da ta'arifi. Faɗowa, a wurin ma'abota wannan fanni, ita ce fitar kifi daga ruwa da ƙarfin kansa, ba da yardar mai shi ba, zuwa wurin da babu ruwa. Da muka ce "da ƙarfin kansa" mun fitar da wanda kyanwa ta tsamo, domin wannan babin ta'addanci ne. Da muka ce "ba da yardar mai shi ba" mun fitar da wanda aka kamo don miya. Da muka ce "zuwa wurin da babu ruwa" mun fitar da wanda ya yi tsalle ya faɗa bokitin da ke gefe, domin wannan ƙaura ya yi, kuma hukuncinsa hukuncin matafiyi ne.

Mai tambaya zai ce: "Malam, ashe iska ba ta fi ruwa wadatar abin shaƙa ba? To me zai kashe kifi a tudu?" Tambayar tana kan hanya. Kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa oksijin ne, alhali litar ruwa mai ɗumin digiri 25 ba ta riƙe fiye da kimanin miligiram 8. Illar tana ga jajayen gezar numfashin da ke ƙarƙashin marfin kumatunsa. A cikin ruwa kowane zare nata a ware yake, ruwa na ratsa tsakaninsu. Da an fito da ita sai zaruruwan su manne wa juna kamar tuntun hular dara da aka tsamo daga wanki, daga nan kuma su fara bushewa. Kifin da ya faɗo, ke nan, yana shaƙewa ne a tsakiyar yalwa. An togace tarwaɗa, wadda ke da wata gaɓa ta shaƙar iska a bayan gezar, da gaiwa mai huhu, wadda ke kwashe rani a cikin busasshen laka, da kifin faɗa na ƙasar Tailan da ake kira beta. Kifin zinariya, wanda Sinawa suka fara kiwo fiye da shekara dubu da suka wuce, ba shi da wannan gata, duk da tsufan gidansu.

Wanda ya faɗo kashi uku ne. Akwai jiƙaƙƙe, wanda aka tarar yana birgima. Akwai mai danƙo, wanda ƙura da zaren darduma suka manne masa amma marfin kumatunsa na motsi. Akwai sandararre. Na farko da na biyu babu saɓani a kan mayar da su ruwa. Na uku aka yi saɓani: wasu sun ce a yi masa sutura, wasu sun ce a ba shi sa'a guda a ruwa mai kumfa. Magana ta biyu ta fi rinjaye, domin an sha ganin wanda aka yanke wa ƙauna ya motsa, kuma jinkirin sa'a guda bai taɓa cutar da matacce ba. A lura cewa hunturu yana gaggauta wucewa daga kashi na farko zuwa na uku, damina kuwa tana sassautawa.

Sharaɗin ɗauka guda ɗaya ne, wato jiƙa hannu. Yauƙin da ke jikin kifi, wanda mai girki ke ɗauka a matsayin aibi, shi ne garkuwarsa daga ƙwayoyin cuta da fumfuna, kuma busasshen hannu yana kankare shi. Tawul ya fi hannu muni, tsintsiya da abin kwasar shara kuwa ba ma za mu ambace su ba. A ɗebo ruwan akwatin nasa a kwano, a girgiza shi a hankali har ƙurar ta saki, ba tare da cuɗa ba. Idan ya kasa tsayuwa, a tallafe shi cikinsa na ƙasa, kansa na fuskantar inda ruwa ke gudana daga matatar ruwan akwatin. Wasu suna jan sa gaba da baya da nufin taimako. Wannan kuskure ne, domin an gina gezar a kan ruwa ya shiga ta baki ya fita ta kumatu, ba akasin haka ba.

Yanzu mun iso zuciyar al'amarin, wato jinya. A nan ne mafi yawan masu kyakkyawar niyya suke halaka majinyacinsu, saboda suna yi wa kifi ƙiyasi da ɗan Adam. Rukunan jinyar mutum a wurinmu sanannu ne: a taru a kansa, a dama masa kunu, a buɗe taga, a yi ta tambayarsa ya jiki. Rukunan jinyar kifi kishiyoyinsu ne ɗaya bayan ɗaya: kaɗaici, yunwa, duhu da shiru.

Kaɗaici, domin 'yan'uwansa ba su san dubiya ba. Kifi in ya ga rauni a jikin maƙwabcinsa, tsattsaga yake yi. Saboda haka a ware shi a wani ƙaramin akwati ko roba mai tsabta wadda sabulu bai taɓa ba, da ruwan da ɗuminsa ya yi daidai da na gidansa. Kifayen ƙasashe masu zafi suna son digiri 24 zuwa 27, kifin zinariya kuwa ya fi son ƙasa da haka. Yunwa, domin kifin da ya firgita ba ya ci, abincin da bai ci ba yana ruɓewa, ruɓewa tana haifar da amoniya, amoniya kuma tana ƙona gezar da ake ƙoƙarin warkarwa. A hana shi abinci kwana ɗaya ko biyu, lafiyayyen kifi yana jure fiye da haka. Duhu, domin ba shi da fatar ido da zai rufe, kuma wanda ba ya iya rufe idonsa haƙƙi ne a kashe masa fitila. Wannan rashin fatar ido shi ne kuma dalilin da ya sa bai halatta a fassara kallon da yake yi wa mai gida a matsayin zargi ba.

Idan aka ce: "To 'yan dubiya fa? Mutum ya taso daga wata unguwa, a hana shi ganin maras lafiya?" Sai mu ce a tarbe shi a zaure, a karɓi gaisuwarsa a madadin kifin, a ba shi ruwa ya sha. Idan ya nace, a bar shi ya leƙa daga nesa, da sharaɗin ba zai ƙwanƙwasa gilashi ba. Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya, wanda yake jin girgizar ruwa da shi, kuma abin da baƙo ke nufi da "sannu" yana isa gare shi a matsayin girgizar ƙasa.

Idan aka sake cewa: "Wai shin kifi ma yana da damuwa?" Sai mu ce tun 1936 Hans Selye ya bayyana yadda jikin dabba ke amsa matsi, kuma an tabbatar cewa kifi yana fitar da sinadarin kotisol, irin wanda jikin mai bashi ke fitarwa idan ya hango mai binsa. A 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a Sikotilan sun gano jijiyoyin jin rauni a fuskar wani kifin ruwan sanyi. Masana suna jayayya har yau a kan ko abin da yake ji ya cancanci a kira shi zafi, amma mai jinya ba ya jiran a gama jayayya. Alamomin a bayyane suke: naɗe fukafukai, kodewar launi, saurin numfashi da kwanciya a ƙasan akwati.

Mas'alar gishiri tana buƙatar natsuwa. Jinin kifin ruwan daɗi ya fi ruwan da yake ciki gishiri, saboda haka ruwa kullum yana kutsawa cikin jikinsa, shi kuma kullum yana aikin fitar da shi. Idan yauƙi ya kankare, ɓawo ya zube, kutsawar tana ƙaruwa. Giram 1 zuwa 3 na gishiri a kowace lita yana rage masa wannan wahala. A narkar da shi a kofi tukuna, a zuba kaɗan-kaɗan. A sassauta ko a bari ga marasa ɓawo irin su ƙurungu, haka nan idan akwai tsirrai a akwatin. Gishiri ba ya bin tururi, don haka ba a ƙara shi sai gwargwadon ruwan da aka kwashe aka zubar. Abin nufi kuma gishiri zalla. Da zarar an ƙara dunƙulen miya ko barkono, an fita daga babin jinya an shiga babin farfesu.

A riƙa canza kimanin rubu'in ruwan kowace rana ko bayan kwana biyu. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, saboda haka a sa masa maganin kashe shi. Yagaggen fiffike yana tsirowa cikin makonni, ɓawo ma yana mayar da kansa. Idan wani farin abu mai kama da auduga ya fito a kan raunin, fumfuna ce ta samu ƙofa, kuma shuɗin maganin nan na metilin da masu sayar da kifin ado ke ajiyewa shi ne abin nema.

Saura binciken sababi, domin ruwa ba ya tsami banza. Akwai tsallen gudu, na wanda babban kifi ya addaba. Akwai tsallen firgita, wanda ya fi aukuwa idan aka dawo da wuta da tsakar dare, fitilu suka kama gaba ɗaya, yara suka yi shewa. Akwai tsallen ƙunci, na wanda ruwansa ya gurɓace, ko injin kumfa ya tsaya a tsakiyar bazara, lokacin da ruwa mai zafi ya fi ƙarancin oksijin. Akwai tsallen gado, irin na arowanar kogin Amazon, wadda ke cafko ƙwari daga rassan bishiya, wannan kuwa ba a yi mata nasiha. Wasu sun ƙara na biyar, tsallen son ganin duniya. Ba mu karɓe shi ba, domin akwatin gilashi ne, kuma duk abin da ke falon ya riga ya gan shi daga ciki.

Shubuha ta ƙarshe ita ce ta masu cewa wanda ya sha wuya sau ɗaya ba zai sake ba, saboda haka murfi ɓarnar kuɗi ne. Abokan hamayyarsu sukan amsa da cewa kifi yana mantuwa bayan daƙiƙa uku. Duka ɓangarorin biyu sun kauce. An horar da kifin zinariya ya riƙe abin da aka koya masa har tsawon watanni, don haka mantuwa ba hujja ba ce. Amma tsalle ba shawara ce da yake zama ya yanke ba, kuma muddin sababin yana nan, zai maimaita yana sane da abin da ya same shi a karon farko. Saboda haka murfi wajibi ne a kan mai akwati, na gilashi ko na raga, da sharaɗin iska na shiga. A rage ruwan ya sauka kamar faɗin yatsu uku daga baki. Ramin da wayar injin kumfa ke bi a kusurwar baya kuwa a toshe shi da guntun soso, domin duk ramin da kan kifi zai shiga, sauran jikinsa zai bi.